Murhun Inna Tarana a Bayan Darni

Na ji labarin katangar siminti da kuke shirin ja wa gidan nan, ko da yake ba wanda ya zo ya faɗa mini. Kun ɗauka tsohuwa ba ta ji. To kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana nan garau. Na kuma ji abin da ya fi katangar ɓata mini rai, wai duwatsun nan uku da ke tsakanin gidanmu da gidan maƙwabta wurin tsafi ne na mutanen da, a tone su a zubar. Wanda ya fara faɗin haka a cikinku na san shi, karatu ne ya yi masa yawa tambaya ta yi masa kaɗan. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da wannan bokon da na koya bayan na yi furfura, in rubuta muku abin da ya faru a shekarar da na haifi babban wanku. Ba zan kama sunansa ba, kun san ɗan fari ne. In kun gama karantawa, ku yi abin da kuka ga dama da duwatsun.

Ni ba 'yar nan ba ce, kun sani. Daga ƙasar Kabi mahaifinku Malam ya ɗauko ni, muka tsallako muka zauna a ƙauyen nan na wajen Kiyeshe, yana ɗinkin riguna yana karantar da duk wanda ya so. Masu so kuwa ba su da yawa. A lokacin, in ka cire mu da wasu Fulani da ke sauka bayan gari da damina, duk garin azna ne, masu bin iskokin kakanninsu. Mai gari ya ba mu fili jikin gidan wani dattijo, Baba Arzika, muka kafa bukka biyu muka kewaye da darni na kara. Tsakanin darninmu da nasu akwai 'yar rariya, wato lungu, faɗinta bai wuce taki biyar ba, ba tamu ba, ba tasu ba. Tun ranar da muka sauka uwargidan Baba Arzika ta aiko da tuwo. Ita ce Inna Tarana, doguwar mace baƙa mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa in ta kira jikanta sai na ƙarshen gari ya amsa. Malam ya karɓa ya yi godiya, sai da ta juya ya rufe ƙwaryar ya ajiye gefe. Ya bayyana mini cewa a gidan nan ba a sauke tukunya sai an ɗebi lomar farko an jefa gindin wata tsamiya da ke tsakar gidan, rabon doguwarsu ke nan, iskar da suke kira Uwar Gida, suna cewa ita ke tsare gidan. Ko rumbu ba sa buɗewa sai an yi mata yanka. Ya ce mu zauna da su lafiya, mu gaishe su, mu je musu jaje da barka, amma abin da aka dafa a cikin gidan nan kada ya shiga bakina. Ni kuwa yarinya ce, abin da Malam ya faɗa ya zauna.

Cikina yana wata takwas gardawan kumandan, wato dogaran Nasara masu jar hula, suka shigo gari neman mutanen aikin dole, za a kai su fasa dutse a hanyar mota. Kowane gida namiji ɗaya. Gidanmu namiji ɗaya ne tak, shi suka ɗauka. Bisa al'ada da tuni ina gidan uwata, can zan haihu in yi wankan jego, amma shekarar ce Nasaran da ke mulkin nan da Nasaran da ke mulkin ƙasarmu ta Kabi suka ɓata, aka tsare iyaka, wanda aka kama yana tsallakawa sai ta Allah. Malam ya bar mini ɗan abin da ya rage na gero a tukunya, da akuya ɗaya, da sunan da za a sa wa abin da zan haifa. Yana ɗaure tabarmarsa ya sake maimaita mini maganar nan.

“Ki riƙe abin da nic ce miki. Komi wuya, ba a cin na gidan can.”

Da naƙuda ta zo, wa zai zo in ba Inna Tarana ba? Ita ta karɓi yaron, ita ta yanke cibi, ita ta dafa ruwan wanka da ganyen sabara ta fyaɗa mini har na ga kamar fatata za ta saɓule. Wannan duk na yarda, ruwa ne da ganye. Amma da ta fara kawo abinci sai na shiga uku. Da safe kunun kanwa mai kauri, yana tururi, da rana fura, da yamma tuwon gero da miyar kuka wadda ta ji daudawar batso, ƙamshinta kaɗai ya isa ya tashi mai barci. Ina karɓa hannu biyu, in ce Allah ya saka, in jira ta fita, in rarrafa bayan bukka in juye wa akuya. Abin da nake ci shi ne ɗan geron Malam, in jiƙa in tauna, don ba ni da ƙarfin ɗaga taɓarya. Na gwada daka sau ɗaya, jiri ya kwashe ni na faɗi kan turmi. Zazzaɓi ya shige ni. Kafin kwana goma sha biyu geron ya ƙare, nonona ya ƙafe. Yaron nan ya kama ya tsotsa ya saki, ya yi kuka har muryarsa ta dishe, daga baya ma ya daina kukan, sai dai ya buɗe baki ba sauti. Maɗigarsa ta faɗa. Ina kallonsa ina sane sarai da abin da ke zuwa, kuma duk da haka da yamma ta yi na sake juye tuwo a gaban akuya ina hawaye. Ban san ko tsoron Allah ne ya fi yawa a raina ko tsoron Malam ko taurin kai irin na 'yar malamai ba. Ina jin duka ukun ne.

Wata safiya Inna Tarana ta shigo da kunu, ba ta miƙa mini ba. Ta ajiye, ta ɗauki yaron ta duba shi, ta taɓa kansa, ta ja fatar cikinsa ta ga ba ta koma ba. Sai ta fita ta zaga bayan bukka. Na ji ta daɗe. Ta dawo tana jaye da akuyar, wadda cikinta ya yi tim, gashinta yana sheƙi, ga busasshiyar miyar kuka a gemunta.

“Matar Malam, wa at da jego cikin gidan ga, ke ko wagga?”

Na sunkuyar da kai.

“Kwana goma sha biyu ina tuƙi, hayaƙi na cin idona, ashe akuya nika wa hidima. Dibi yadda tay yi kyawo! Saura kaɗan in yi mata wankan ganye.”

Na fashe da kuka. Na zaci zagi zai biyo baya, kuma da ta zage ni da ta yi daidai. Sai ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta miƙe ƙafafu, yaron yana kan cinyarta.

“Bar kuka, ba ki da ruwan da za ki ɓarnatarwa. Hwaɗa mini gaskiya. Ƙazanta kig gani ga hannuna?”

“A'a, Inna. Wallahi a'a.”

“To mi na na?”

Na faɗa mata duka, da lomar farko, da tsamiya, da yankan rumbu, da maganar Malam. Ina faɗa ina jiran ta miƙe ta ajiye mini ɗana ta tafi. Ta ci gaba da kaɗa shi a hankali. Abin da ta tambaye ni bayan nan har gobe ina jinjina shi, don ba ta ce addininku ya yi tsanani ba, ba ta ce doguwa ba ta cutar da kowa ba, ba ta ce ci mana wa zai gani ba. Tambaya ta yi kamar mai son koyon wata sabuwar miya.

“Shi Malam, cewa yay yi kak ki ci na hannuna, ko kak ki ci na cikin gidanmu?”

“Na cikin gida yac ce.”

“In an dahwa ba a ba ta ba, kina ci?”

“Ina ci, Inna.”

“To tashi zanne ki jingina. Yaron ga ba shi mutuwa yau.”

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. A cikin gidansu ba ta isa ta sauke tukunya ta hana doguwa ba, wannan a wurinta kamar ta ɗebo wuta ta sa a rufin ɗaki ne. A cikin gidanmu kuma ba za ta girka ba, don a al'adarsu matar aure ba ta ɗora tukunya a murhun wani namiji, balle mai gidan ba ya nan. Sai ta tsaya a rariyar nan ta tsakiya ta dube ta sama da ƙasa. Ina kwance ina hangenta ta ramin darni. Ta tafi gindin tudu ta ɗauko duwatsu uku, ɗaya bayan ɗaya a kanta, mace mai jikoki. Ta je wurin maginiya ta karɓo sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Garwashi ma ba ta ɗebo na gidansu ba, ƙyastu ta yi ta kunna sabuwar wuta. Ruwa daga rijiya kai tsaye, bai shiga randarsu ba. Tana cikin haɗa itace Baba Arzika ya fito, gajeren tsoho mai sanyin magana, ya tsaya a kanta da sandarsa.

“Tarana, mi kika yi nan?”

“Girki, mai gida.”

“A waje, kama da mahwarauci? To rabon Uwar Gida fa?”

“Nan ba gidanta na ba. Dibi darni, ga shi can bayana.”

“Gidan ba nata na ba, amma hannun na wa? Shekara nawa kina tuƙa mata? Kina tsammani ba ta ganin ki don kin hita taki biyar?”

“Tana gani. Tana ganin jinjirin can ma.”

“To ji nan. Ƙwara guda ta rumbuna ba ta shiga tukunyag ga. In kuma abu yas samu gida, ke kij jawo.”

“Na ji. In za ta kama wani, ga ni, ta san ɗakina.”

Ba faɗa suka yi ba, ko murya ba wanda ya ɗaga. Tsoro ne a fuskar tsohon, kuma sai daga baya na gane ita ma tsoron ne a tata. Ta shiga ɗakinta ta fito da damin gero mai zangarniya dogaye masu kyau, irin waɗanda ake zaɓa a rataye. Ni da rashin sanin noma ban gane ba a lokacin, ashe irin shukarta ne, na gamanarta, 'yar gonar da ke tata ita kaɗai. Shi ne kawai hatsin da ba a yi wa yanka ba, don bai shiga rumbu ba. Ta sussuka, ta surfa, ta daka, duk a rariyar nan inda zan iya ganinta. Da kunun ya nuna ta sauke, na ga hannunta ya tafi da kansa zai ɗebi na farko kamar yadda ya saba tun tana amarya. Ta tsayar da shi. Ta riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun, leɓɓanta suna motsi. Sannan ta juye duka a ƙwarya ta zagayo ta kawo mini.

“Kin ga da idonki. Ba wanda yat taɓa. Ce bisimillarki ki sha.”

Na ci abinci iri-iri a rayuwata, har na Makka na ci, amma ban taɓa sa wani abu a bakina da ya kai kunun nan ba. Kanwa ta ji daidai, da ɗan yaji da citta, yana sauka ina jin sa har yatsun ƙafata. Ta tsaya a kaina sai da na shanye, ta ce in lashe ludayin. Kwana biyu tana ɗura wa yaron nonon akuyar nan da tsinken kara, tana cewa ai gara ta biya tuwon da ta ci. A rana ta uku da hantsi na ji ƙirjina ya yi nauyi, rigata ta jiƙe. Na sa shi ya kama. Na ji yana haɗiya, ƙut, ƙut. Na ƙwala mata kira, ta shigo da muciya a hannu, ta durƙusa ta kasa kunne kusa da wuyansa. Sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa wadda ta tashi tsuntsaye daga tsamiyar gidansu.

Haka ta yi ta yi har na gama arba'in, ta kuma ɗora bayan nan. Girki biyu kullum, na cikin gida da na waje, a cikin zafin bazara, ba inuwa a rariyar nan ko ta tafin hannu. Matan gari suna wucewa zuwa rijiya suna mata dariya, wai Tarana ta buɗe kasuwa mai ciniki ɗaya. Ita kuma ba a bar ta a baya ba wurin baki, ta ce su zo su haihu su ga ko za a yi musu. Ba ta taɓa kawo mini abinci iri ɗaya kwana uku a jere ba. Yau dambu da zogale, gobe tuwo da busasshiyar kuɓewa, jibi wake da ɗan gishirin Foga. Da ta ga ina buƙatar nama, ta san ba zan ci yankan mijinta ba, sai ta kama zabonta ta saƙale a hammata ta taka har kasuwar Dogon Dutsi, ta sami mahauci mai salla ya yanka, ta dawo da shi da gashinsa da kansa a jiki don in ga wuyan. Ƙafafunta sun yi furu-furu, ta zauna tana fige shi tana ƙorafi.

“Addininku akwai tahiya, matar Malam. Zabo guda, yini guda!”

Damina ta faɗi, kowa ya fita shuka. Na lura Inna Tarana tana zuwa gandun gida tare da sauran, amma ranakun da mata ke zuwa gamanarsu ita tana zaune tana kaɗi. Na tambaye ta, ta ce bayanta ke ciwo. Wata maƙwabciya ce ta faɗa mini gaskiya, cewa irin da za ta shuka shi na sha. Ita ce kuma ta faɗa mini ɗayan, wanda ya fi ciwo. Duk shekara bayan girbi akwai babban girki da ake yi wa doguwar gidan, kuma Inna Tarana ce mai tuƙa shi tun rasuwar uwar mijinta. Wannan shi ne girmanta a dangi, saboda shi ake durƙusa mata. Dattawan gidan suka zauna suka ce hannun da ya sauke tukunya ya hana, ba zai ƙara tuƙa na Uwar Gida ba. Aka ba matar ƙanin mijinta muciyar. Ranar girkin ina jin kiɗan goge da hayaniya ta cikin darni, ita kuwa tana rariya tana dama mini fura. Na ce mata na ji abin da aka yi, ina neman in durƙusa in roƙi gafara. Ta daka mini tsawa.

“Kul! Mai goyo ba ta ɓata rai, nono na tsami. Muciya ce, ba ta da wuyar samu.”

Amma na ga ta juya baya ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Malam ya dawo bayan kaka, ya rame har ban gane shi daga nesa ba, tafin hannunsa duk ya tsage. Ya ga ɗansa ɓul-ɓul yana rarrafe. Ya ga murhu a rariya da tukunya a kai. Ban ɓoye masa komai ba, har da akuya. Ya saurare ni har na gama. Da yamma Inna Tarana ta sauke tuwo ta kawo ta ajiye a gabansa, ta ja gefe ta harɗe hannuwa tana jira ta gani. Malam ya wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ci har ya suɗe akushi. Da ya gama ya tashi ya je gabanta ya durƙusa, shi da ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla.

“Inna, ni nib bar magana, ban bar hatsi ba. Ke kika riƙe maganata, kika riƙe ɗana.”

“Tashi, Malam, kak ka sa mutane su ce na yi maka magani. Gobe akwai sauran miya.”

Shekaru suka wuce. Nasara suka tafi, Baba Arzika ya rasu, gari ya cika da masallatai. 'Ya'yanta da jikokinta duk suka kama salla, aka sare tsamiya, aka daina jefa loma. Ita kaɗai ta rage a kan abin da ta taso a kai, kuma Malam bai fasa yi mata nasiha da addu'a ba har ya koma ga Allah. Abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta a ƙarshe, Shi ya sani, ni ban shiga ba. Da tsufa ya kwantar da ita, sai ta daina cin abinci. Matan jikokinta suka kawo shinkafa, suka kawo nama, ta kau da kai. A ganinta tuwon da aka dafa a cikin gidan nan aka hana Uwar Gida rabonta ba abin ci ba ne, su kuwa ba za su jefa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Aka zo aka faɗa mini. Na fita rariya, na share ƙasar da ta binne duwatsun nan, na kunna sabuwar wuta, na dama kunun kanwa kamar yadda ta koya mini. Na shiga na same ta ta zama kamar kara, idanunta a rufe. Na ɗaga kanta na jingina da ƙirjina. Ta shaƙi tururin, ta buɗe ido.

“Ina anka dahwa shi?”

“A waje, Inna. Murhunki.”

Ta yi ɗan murmushi, bakin ba haƙori ko ɗaya.

“Na can ba shi da rabon kowa. Ni da ke mun sani. Kawo.”

Ta sha ludayi bakwai, ina ƙirgawa. Ta ƙara wata biyu a duniya, kuma ba ta ci na hannun kowa ba sai na murhun nan.

To kun ji. A duk garin nan na wancan zamani, wannan ne kaɗai murhun da ba a taɓa ba iska ko loma ɗaya daga cikinsa ba, shi ne kuke kira wurin tsafi. Wanku da ke zaune yanzu da farin gemu yana ba ku umarni, a kan duwatsun nan aka dafa ransa. Ku ja katangarku, ban hana ba, amma in kun zo wurin ku karkata ta, ku bar rariyar yadda take, taki biyar. Kuma duk ranar da aka haihu a gidan can, kada ku jira a aiko. Ku ɗora tukunya.